Katin Zarmast da Wansa na Shayarwa

Ustad Zarmast mutumin Chitral ne, daga can cikin duwatsun arewa da ke iyaka da Afganistan, amma Rawalpindi ta cinye fiye da rabin rayuwarsa. Ustad laƙabin gwanin sana'a ne a can, shi kuwa makanikin injin jirgin sama ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke bayan gari, irin wadda ba a shiga sai da kati a wuya, katin kuma ba a bayar da shi sai jami'an tsaro sun bincike mutum sun ce sun amince da shi. Ya yi kusan shekara ashirin katin na rataye a wuyansa. Gidan da yake zaune da matarsa Shahgul da 'yarsu Samrin na ma'aikatar ne, a unguwar ma'aikata da ke jikin katanga, kuma shi ma katin ne ke riƙe da shi.

Ba mai yawan magana ba ne. Abokan aikinsa sun ce ana iya wuni da shi a kan injin ɗaya ba a ji komai daga bakinsa ba sai "miƙo" da "riƙe nan". Da gishiri yake shan shayi, yadda ake sha a ƙauyensu, 'yan Punjab ɗin da ke aiki da shi kuma ba su taɓa gajiya da tsokanarsa a kan haka ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya ƙara gishirin.

Abin ya faru ne 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah. Ya iso ƙofa kamar kullum da kwanon abincinsa a hannu, sai mai gadin, wanda suka yi shekaru suna gaisawa, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Ustad, an ce ka fara biyawa ta ofishin tsaro."

A ofishin wani jami'i ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya miƙo hannu.

"Katin, Ustad."

Zarmast ya cire ya ba shi. Ya ɗauka sabunta shi za a yi.

"An janye amincewar da aka yi maka," in ji jami'in. "Ba korarka aka yi ba. Sai dai ba za ka ƙara wuce ƙofar nan ba har a gama bincike."

"Me na yi, Sahib?"

"Wallahi ni ma ba a gaya mini ba. Sha shayinka."

Aka ce ya riƙa zuwa kullum wani ɗan ɗaki da ke wajen katanga, ya nuna fuskarsa, ya zauna har a tashi. Benci biyu ne a ɗakin da fanka mai ƙara. Kayan aikinsa yake sakawa ya zo, don bai san wasu kayan da ake sawa a zauna ba. Ta taga yana jin lokacin da aka tayar da injin gwaji a ciki, sai ya bar abin da yake tunani ya saurara har a kashe.

Makonni suka wuce a haka. Mutanen unguwa ba su daina gaishe shi ba, sai dai gaisuwar ta gajarce. A masallaci sahu yakan ɗan buɗe a gefensa. Kowa a unguwar da kati yake ci, kuma ba wanda ya san ko laifin Zarmast irin mai naso ne.

Shahgul ce ta fara gajiya.

"Baban Samrin, bencin nan ba zai haifa maka kati ba. Ka nemi lauya."

Wani tsohon ma'aikaci ya kwatanta masa Ishfak Gondal. Rumfarsa na cikin layin rumfunan lauyoyi da ke jikin kotu, tsakanin mai shayi da mai buga takardu. Mutum ne mai jiki, mai ciwon suga, baƙar kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗu, kuma kullum da gasasshen wake a aljihunta yana ɗiba. Rayuwarsa ta aiki duk a kan ƙararrakin ma'aikatan gwamnati ta ƙare, waɗanda aka danne wa ƙarin girma, da waɗanda aka kora, da irin su Zarmast da ba a kora ba ba a kuma bari ba.

"Me suka ce ka yi?" in ji Gondal.

"Ba su ce ba."

"Ba sa cewa." Ya watsa wake a baki. "Khan Sahib, shari'ar kisan kai ta fi wannan daɗi. A can ko ba komai ana nuna maka gawar. Nan kuwa sai mun fara roƙon kotu ta sa su faɗi abin da suke zarginka da shi, kafin mu soma cewa ba ka yi ba. To kafin nan bari ni in zama su. Kana shan wani abu?"

"Shayi."

"Siyasa fa? Wa'azi? Wata mace a wani gari?"

"Wakil Sahib, ka dube ni mana."

"Na dube ka. Na ga waɗanda ka fi kyau da mata a ɓoye. Ka taɓa fita ƙasar nan?"

"Ban taɓa ba."

"Kana da wani naka a waje?"

"Wana yana Badakhshan."

Gondal ya daina tauna. "Afganistan? Ba ka ce ɗan Chitral ne kai ba?"

"Nono ɗaya muka sha."

An haifi Zarmast ne a shekarun da yaƙi ya koro mutane daga Afganistan suka tsallako duwatsu suka kafa tantuna a gefen ƙauyukan Chitral. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan kwanaki. Ƙanwar mahaifinsa, Zaitun, ta yi ta yawo da shi gida-gida tana neman mai goyo ba ta samu ba, aka gwada madarar akuya cikinsa ya ƙi. A tantunan 'yan gudun hijira ta tarar da wata mata mai suna Sanam da jaririnta Daulat a hannu. Sanam ta karɓi yaron ba ta tambayi komai ba, ta shayar da su biyun har yaye. Zarmast ya tashi yana kiranta Nan, yadda 'ya'yan ƙauyen ke kiran uwayensu, yana kiran Daulat Lal, wato yaya, ko da yake 'yan watanni ne tsakaninsu. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha duka. Sun zama samari lokacin da iyalin Sanam suka koma ƙasarsu, shi kuma ya gangaro kudu koyon aiki. Can Sanam ta rasu, labari kawai ya iso masa. Abin da ya rage tsakaninsa da Daulat shi ne waya ranar Sallah.

Sai lokacin sanyin da ya wuce Daulat ya zo da ciwon ƙoda, da bizarsa ta neman magani, ya sauka gidan ƙaninsa. Ba a kai shi ɗakin baƙi da ke bakin ƙofa ba, inda ake sauke abokai da 'yan ƙauye. A cikin gida aka yi masa shimfiɗa, kusa da hita. Shahgul takan ja mayafi in za ta wuce, don ita matar ƙani ce. Samrin kuwa, budurwa ce tana kwaleji, da kanta a buɗe take kai masa ruwa da magani, ta zauna gefensa yana ba ta labarin ɓarnar da ubanta ya yi yana yaro. Baffanta ne, ba aure tsakaninsu har abada. Ya yi kamar wata biyu, ya ji sauƙi, ya koma.

Gondal ya saurara har ƙarshe. "Ka sanar da ofishin tsaro?"

"Me zan sanar? Wana ya zo jinya."

"Da za a ɗauke ka aiki, aka tambaye ka 'yan'uwanka, ka ambace shi?"

"Cewa suka yi 'ya'yan mahaifina. Na faɗi 'ya'yan mahaifina."

Gondal ya shafa fuska da hannu biyu. "Daga yau ba waya tsakaninku. Ko Sallah ce, ko mutuwa aka yi. Ka ji ni?"

Ƙarar ta shiga babbar kotu. Zaman farko lauyan gwamnati bai zo ba. Da ya zo a na gaba, cewa ya yi yana jiran umarni daga sama. Sai alƙali ya tafi hutu, wanda ya karɓe shi kuma ya ce bai karanta fayil ba. Wata rana Zarmast ya iso ya tarar lauyoyi sun shiga yajin aiki, Gondal da kansa a bakin ƙofa riƙe da kwali yana zubar da gumi.

"Koma gida, Khan Sahib, yau adalci na hutawa."

Zarmast ya haddace kotun kamar ma'aikatarsu. Ya san bencin da rana ba ta kaiwa, ya san masinjan da ke kiran sunaye da wanda ke haɗiye su. Rayuwarsa ta rabu tsakanin bencin ma'aikata da bencin kotu, har wandonsa ya soma sheƙi a baya. Babbar Sallah ta zo, wayarsa ta yi ƙara da lambar Afganistan suna tsakiyar cin nama. Ya zuba mata ido har ta tsinke. Ta sake yi, ta sake tsinkewa. Samrin ta ajiye gurasar da ke hannunta ta shige ɗaki.

Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya dawo, kafin kotu ta yanke cewa a gaya wa mutumin nan jigon abin da ake zarginsa da shi, a kuma saurare shi a gaban kwamiti. Ranar da za a je jin bayani wurin Gondal, Shahgul ta ɗauki mayafinta. Ta ce ta gaji da jin labarin shari'a daga bakin mutumin da ke taƙaita wuni guda da "an ɗage".

Gondal ya sa aka goge mata kujera. "Abin da muka zata ne," ya ce. "Ka sauke ɗan ƙasar waje a gidan ma'aikata ba ka sanar ba. Wannan da sauƙi, ana yafewa. Amma wani maƙwabci ya gaya musu ba a ɗakin baƙi mutumin ya kwana ba, a cikin gida ya kwana kamar ɗan gida. Nan ne ya tsaya musu a wuya. Tambayarsu ita ce, wane irin baƙo ne wannan?"

"Ai sai a gaya musu," in ji Zarmast.

"Tsaya tukuna. Hanya biyu ce. In muka ce wanka ne, mun wanke ka daga zargin ɓoye wani mugun abu. Amma ƙa'idarsu ta ce mai ɗan'uwa na jiki a ƙetaren waccan iyakar ba ya taɓa injin jirgi, ɗan'uwa kuwa ba a sallamarsa. In kuma muka ce wani sanin yarinta ne, mara lafiya, ka taimaka masa don Allah, ka yi kuskure, ka tuba, ka rantse daga yau ba kai ba shi, to ina sa ran katin. Na taɓa yin irinta, ta yi. A wurin gwamnati ba wanka ba ne. Ba inda ake rubuta shan nono."

Gaskiyar magana, ran Zarmast ya karkata. Ya gaji da benci, hannunsa ya yi laushi kamar na akawu, kuma Daulat na can bayan duwatsu, ba mai kai masa labarin abin da aka faɗa a wani ɗaki a Rawalpindi.

Shahgul ce ta yi magana ta cikin mayafi.

"Wakil Sahib, kana da 'ya mace?"

"Uku, Baji," in ji Gondal, wato yaya mace a yarensu. "Uku cur. Su suka mai da ni haka."

"A gaban wa zai faɗi wannan maganar?"

"Kwamiti ne, 'yan mutane kaɗan, a ɗaki a rufe."

"A rufe," in ji Shahgul. "Maƙwabcin da ya san inda baƙona ya kwana, shi ma ai a rufe ya faɗa. Ka zo unguwarmu gobe ka ji ko akwai matar da ba ta sani ba." Ta gyara zama. "Duk unguwa ta ga Samrin tana riƙe hannun mutumin nan zuwa motar asibiti. An shigo duba shi an same ta zaune gefensa ba mayafi. Ba wanda ya ce uffan, don mun ce baffanta ne. Yanzu ubanta zai ɗaga hannu ya rantse ba baffanta ba ne, wani ƙato ne kawai daga Afganistan ya yi wata biyu a cikin gidanmu. To ita ta zama me ke nan? Wa zai turo tambayarta?"

Gondal ya mayar da waken da ya ɗebo aljihu.

"Baji, ni kati aka ce in nemo."

"Na sani. Ni ma ina son katin. Ni na shuka inabin da ke tsakar gidan nan, bana ne ma ya fara 'ya'ya. Ban ce kada ya faɗa ba. Cewa na yi ya san abin da zai bayar kafin ya karɓa."

Suka koma gida a motar haya. Shahgul ba ta sake tayar da zancen ba.

Zarmast ya ɗauki makonni. A ɗan ɗakin nan na wajen katanga, in ba kowa, yakan gwada maganar a bakinsa, yadda Gondal ya tsara ta: sanin yarinta ne, Sahib, ba abin da ya haɗa mu. Takan fito sumul har zuwa rabi. Daga nan sai ya ga Samrin, wani lokacin kuma ya ga Sanam tana tsefe kansa a bakin tanti, sai ya rasa sauran. Ba jarumta ya ji ba. Abin da ya ji shi ne in ya tsaya gaban manya da wannan maganar zai sarƙe a tsakiya, ya rasa katin, ya kuma riga ya faɗi rabin da ba ya ɗaukuwa.

Ya koma rumfar Gondal.

"Wana ne. Haka za mu faɗa."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"Mutanen dutse! Zunubaina ne suka haɗa ni da ku." Gondal ya jawo fayil ɗin. "To ba da baki ake yi ba. In ba mu kawo shaida ba za su ce yau ka ƙirƙiro shi don ka fita. Wa ya ga shayarwar nan da idonsa, kuma yana numfashi?"

Mutum ɗaya ce ta rage, goggonsa Zaitun. Ta haura tamanin, ba ta taɓa wuce garin Chitral ba. Zarmast ya nemi izini ya tafi ya ɗauko ta, tafiyar yini guda cur a mota, ta cikin ramin dutsen Lowari. Tun daga bakin ramin take amai tana tsine wa wanda ya haƙa shi, da direba, da gwamnatin da ba ta san uwa ba sai an kawo mata tsohuwa ta nuna mata.

A wani ɗaki na ofishin waje aka zauna. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabansu wani tsohon hafsa mai farin gashin baki. Gondal ya yi magana a tsanake, ba wasa a bakinsa ranar. Ya kawo tarihin aikin Zarmast, ba gargaɗi ko ɗaya a ciki. Ya kawo shaidar cewa Daulat ta ƙofa ya shigo ta ƙofa ya fita, da ta asibitin da ya yi jinya. Ya ce wanda ke ɓoye mutum ba ya riƙo hannunsa da rana tsaka ya ratsa unguwar ma'aikata da shi. Sannan ya nemi a shigo da shaida.

Zaitun ba ta jin yaren kowa sai na ƙauyensu, don haka aka nemo wani ma'aikaci ɗan Chitral ya yi tafinta. Ta ƙi zama a kujera sai da aka sa mata matashi.

"Uwa, kin san mutumin nan?" in ji shugaban.

"Ni na wanke masa kashi, yaya ba zan san shi ba?"

Tafintan ya yi tari, ya ce ta ce ta san shi sosai.

"Matar da ake magana, sau nawa ta shayar da shi?"

"Sau nawa? Kai sau nawa uwarka ta shayar da kai? Ka ƙirga?"

Wannan karon tafintan ya faɗa yadda take, don shugaban ya riga ya gane daga muryarta. Shugaban ya rufe baki da hannu, gashin bakinsa na rawa.

"Har ya yi haƙori ya cije ta," in ji Zaitun. "Ta mare shi a gabana, ta mayar da shi. Ɗanta a dama, wannan a hagu. Nata ma ya fi ramewa, don wannan maye ne."

"Me kuka ba ta?"

"Me muke da shi? Ɗan'uwana ya riƙa kai mata itacen wuta duk sanyi har suka tashi. Ku dai kun sami mai gyara muku jirgi. Da ba don ita ba da tuni yana ƙarƙashin ƙasa tare da uwarsa, sai ku nemi wani."

Aka fita da ita tana tambayar ko an gama ko za a ba ta ruwa. Shugaban ya juyo ga Zarmast.

"Ustad, na yarda wanka ne. Mu ma Musulmi ne, mun san hukuncin. Tambaya ɗaya gare ni. In muka mayar maka da kati, mutumin nan ya sake buga ƙofarka, me za ka yi?"

Gondal ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Zan sanar da ofis, Sahib."

"Sannan?"

"Sannan in buɗe masa."

"In muka ce kada ka buɗe fa?"

Zarmast ya dubi hannuwansa. "Sahib, uwarsa ce ta raya ni. Ban san yadda ake yin hakan ba."

Shugaban ya gyaɗa kai, ya yi rubutu, ya yi musu godiya. A waje Gondal ya jingina da bango ya cire kwat.

"Ƙafarka ba ta ji ne, ko takalmin ƙarfe ka sa?"

"Na ji, Wakil Sahib."

"Na san ka ji."

Hukuncin bai fito ba sai da aka sake shiga sanyi. Kwamitin ya ce ba a sami Zarmast da mugun nufi ba, sunansa ya wanku, shekarun aikinsa na nan. Ya kuma ce ba za a mayar masa da amincewar tsaro ba, saboda yana da ɗan'uwa na jiki a ƙetaren iyaka kuma ya faɗa da bakinsa ba zai rabu da shi ba. Aka mayar da shi garejin motocin da ke ɗaukar ma'aikata, a wajen katanga. Gidan kuwa na masu kati ne, aka ba shi wa'adi ya tashi.

"Rabi muka ci," in ji Gondal. "Ana iya ɗaukaka ƙara. Akwai abin faɗa, ƙa'idarsu ba ta ambaci shayarwa ba. Wasu 'yan shekaru ne, in suga ya bar ni."

"Bari in ɗan huta, Wakil Sahib."

"Haka kowa ke cewa. Fayil ɗin na nan, ba ya ruɓewa. Ka gaishe da Baji. Ka ce mata in tana neman aiki akwai kujera a rumfata."

Sun sami ɗaki biyu a saman wani shagon taya, nesa da ma'aikatar. Ranar tashi maƙwabta duk suka fito taya ɗaukar kaya, suna ta "Allah Ya sa haka ya fi alheri", tunda yanzu an san laifin ba mai naso ba ne. Zarmast bai taɓa sanin wanda ya kai maganar ba a cikinsu. Ya yi wa kowa godiya iri ɗaya. Zaitun ta riga ta koma ƙauye, ta ce ruwan Rawalpindi ɗanɗanon ƙusa gare shi.

A garejin motoci ana kiransa Ustad kamar da. Aikin birki ne da giya da tayar da tsofaffin injinan da suka sha wuya, direbobi kuma ba sa son a daɗe, don haka ya koyi barin abin da zai iya kaiwa gobe ya kai goben. Da farko yakan wanke kowane ƙarfe kafin ya mayar, har shugaban garejin ya ce masa, "Ustad, bas ce, ba tashi za ta yi ba." Yana fita da asuba yanzu saboda nisa, yana dawowa bayansa na ciwo.

Ya yi kwanaki a sabon gidan kafin ya tuna ba wanda ya hana shi waya kuma. Wata Juma'a bayan masallaci ya hau rufin gidan, inda hayaniyar shagon ba ta kaiwa sosai, ya kira.

"Kai, ɗan banza!" in ji Daulat. "Na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba. Sallah nawa ina kira?"

"Wayar ce ta lalace, Lal."

"Mai gyaran jirgi ya kasa gyara waya. Yaya 'yata? Yaya jiragenka?"

"Samrin na lafiya, tana gaishe ka. Jirage kuma na bar wa yara. Motoci nake gyarawa yanzu, sun ce na tsufa da hawa tsani."

Daulat ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce ƙafafunsa sun soma kumbura kuma, likitan can ya ce ya koma inda aka duba shi da farko. In dusar ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, yana so ya zo, in ba zai takura musu ba.

Zarmast ya leƙa ƙasa, inda yaran shagon ke dukan wata tayar babbar mota da guduma. Ɗaki biyu ne, da matakala mai tsayi, ga mai kumburin ƙafa.

"Ka zo," ya ce. "Mun canja gida. In ka iso tasha ka kira ni, zan zo in ɗauke ka."